Manajan Sabulu da Kunyar Ɗan Fari

A shekarar da kamfaninmu ya ce zai ɗauki ɗan ƙasa ya ɗora shi a kujerar manajan kaya, ina zaune a Tudun Wadar Kaduna tare da mahaifiyata da ƙanwata. Ban yi aure ba tukuna, mahaifinmu kuwa ya rasu tun ina sakandare. Kamfanin sabulu yake yi da man shafawa, ni kuma aikina yawon talla ne. Wata farar mota ce da mu mai lasifika a ka, yau muna Kawo, gobe Rigasa, jibi mu miƙa hanyar Zariya mu tsaya a Katabu, ina ta zuba wa sabulu kirari har muryata ta dishe. Ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Allah ya yi ni da baki, in na kama lasifikar nan ko mai sauri sai ya tsaya ya ji ƙarshen zancen.

Lokacin ne gwamnati ta matsa wa kamfanonin waje su fara sakar wa 'yan ƙasa manyan kujeru. Wata safiya Baturen ofishinmu ya kira ni sama, ya ce za a yi intabiyu, manya za su zo daga Legas, kuma yana so in saka takardata. Ban san yadda na sauko daga benen nan ba. Na tarar da direbanmu yana goge mota, na rungume shi, ya ce, "Lafiya? Ko kujerar Makka aka ba ka ne?"

Manajan kaya, ga wanda bai sani ba, shi ne uban kayan. Shi zai ce ga girman sabulu, ga launin takardar da za a naɗe shi, ga farashi, ga abin da za a faɗa a rediyo, ga garin da za a fara kai shi. Masana'anta tana ƙetaren kogi, kasuwa tana wannan gefen, shi yana tsakani kowa na jansa. Ga ofis mai fanka, ga tarho a kan tebur, ga mota. Har zuwa lokacin ban taɓa ganin Bahaushe a kujerar ba. Sai dai ba ni kaɗai nake nema ba. An ce akwai masu digiri, akwai ma wani da ya yi karatu a Ingila, ni kuwa sakandare ce kawai da karatun yamma. Abin da na fi su da shi, na san kasuwa, kuma dole in iya faɗin haka a gaban mutane.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, don direban nan bakinsa ba ya riƙe magana. Mai wankin hula na bakin layinmu ya miƙe tsaye ya sara mini, ya ce, "Manajan Sabulu, ranka ya daɗe!" Na ce masa ya bari tukuna, ba a yi komai ba, amma bakina har kunne.

Na shiga gida na tarar da Inna tana tsince shinkafa a bakin madafa. Ban faɗa mata ba, don ba haka muke yi ba. Ni ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar birnin Zariya ce ta asali, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, sai da na isa shiga makaranta na dawo. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kallon fuskata, ba ta zama hira da ni. In tana da magana sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa yayanki abincinsa na nan," ko da kuwa ina tsaye a gabanta. Ni ma na saba. In ina da labari sai in tsaya a tsakar gida in faɗa wa ƙanwata da ƙarfi, yadda zai kai madafa.

Haka na yi ranar. Ƙanwata, wadda malamar firamare ce, ta yar da littattafan da take dubawa ta rangaɗa guɗa. Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ke, zo ki kwashe shanyar nan, hadari na haɗowa."

Washegari da yamma sai ga Kawu, ƙanin Inna. Babban ma'aikaci ne a sakatariya, yana zaune a gidajen gwamnati na Unguwar Rimi, kuma ya sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Mutum ne gajere mai tumbi da tabarau, mai son a san ya san abu, kuma gaskiya ya sani ɗin. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kai, intabiyu ba hira ba ce, kokawa ce. Daga yau kullum in na tashi daga ofis nan zan biyo. Fito da tebur."

Muka fito da teburin ɗakina muka kafa a ƙarƙashin rumfar kwano, don damina ce. Aka jera kujeru uku a bayansa. Kawu ya zauna a tsakiya, shi ne shugaba. Ƙanwata ta zama Bature, ta maƙala fensir a baki a matsayin lofe tana magana ta hanci. Kujera ta uku babu kowa, sai wani jan zakara na Inna ya yi tsalle ya haye. Zakaran nan ƙato ne, mai izza, Inna ta daɗe tana kiwonsa, an sha yi mata tayi ta ƙi sayarwa, baƙi sun sha zuwa ta ƙi yankawa. Kawu ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ku bar shi, shi ne wakilin Legas."

Ranar farko ko tambaya ba a kai ga yi ba, a shigowa muka ƙare. Na yi sallama na tuɓe takalmi, Kawu ya ce in koma. Na shigo da takalmi na rusuna, ya ce in koma. Na miƙa masa hannu biyu ina kallon ƙasa, ya ce, "Bara ka zo yi? Hannu ɗaya, ka riƙe da ƙarfi, ka kalli ƙwayar idona." Na kalli ƙwayar idon Kawu, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni, sai dariya ta ƙwace mini, shi ma ta ƙwace masa, Bature ya shaƙe da fensir. Sai da aka kira magariba muka tashi.

Da aka shiga tambayoyin aiki kuwa, nan na samu fili. Kawu ya sha mur ya ce cikin Turanci, "Sabulunka yana tafiya a babbar kasuwa, ya daina tafiya a Kawo. Me za ka fara yi?"

Na ce ba zan taɓa farashi ba sai na je Kawo da ƙafata. Zan tsaya wurin masu tebur in ji ko mota ce ba ta kai musu kaya a kan lokaci, ko wani kamfani ne ya zo yana haɗa wa mata da kyautar kofi, ko kuma ruwan rijiyar wajen ne ba ya kumfa da namu. Kowanne da maganinsa, kuma ba a sanin wanne ne daga ofis.

Ƙanwata ta cire fensir ta ce, "An ba ka sabon man shafawa. A kwalba za ka zuba ko a gwangwani?"

Na ce gwangwani mai murfi mai kyau, don mace in mai ya ƙare ba ta yar da mazubin, allura za ta zuba ko 'yan kunne, sunan kamfani ya zauna a ɗakinta shekara da shekaru. Aka tambaye ni wane lokaci zan sa talla a rediyo, na ce da hantsi, lokacin da maza sun fita mata na aiki rediyo na gefe. Aka ce masu masana'anta sun ce abu ba zai yiwu ba, 'yan kasuwa sun ce dole, wa zan bi? Na ce zan ɗauko injiniyan in kai shi kasuwa ya sha rana ya ji da kunnensa, in kuma ɗauki babban dillali in kai shi ya ga injin. Kawu yana ta gyaɗa kai yana ɓoye murmushi. Zakara ya yi cara, ƙanwata ta ce Legas ta amince.

Kwanakin nan ban taka ƙasa ba. Ina cikin mota ina yi wa kaina tambaya ina amsawa, direba na ce mini, "Malam, da wa kake faɗa?" A wurin alwala sai in tsinci kaina ina tsara yadda zan kai sabulu Sakkwato. Na kai kaftanina mai ruwan toka wurin mai guga, bayan mun yi doguwar muhawara da Kawu, shi yana son kwat da igiyar wuyan nan ta Turawa, ni na ce in na sa ta numfashina zai tsaya. A nan kaɗai na ci shi.

Sai ranar da ya cire tabarau ya ajiye, ya jingina, ya ce, "To, saura guda. Ita ce ke kayar da mutanenmu. Ga masu digiri a waje suna jira. Faɗa mana, don me za mu ɗauke ka mu bar su? Me ka taɓa yi da hannunka?"

Kaina ya sunkuya da kansa. Can na ce, to, alhamdu lillahi, duk abin da aka samu ikon Allah ne da taimakon na gaba da ni, kuma in an ba ni dama zan yi iya ƙoƙarina.

Kawu ya bugi tebur har wakilin Legas ya tashi sama. Ya ce, "Wa ya ce ba ikon Allah ba ne? Su ma masu digirin da ikon wa suka zo? Maganar tsagin sabulu fa, ba kai ba ne?"

Ni ne. A da sabulunmu na wanki sanda guda yake zuwa, doguwa. Yawancin mata ba sa sayen sanda, gutsure suke aikowa a saya musu, don haka masu tebur su ke yankawa da wuƙa ko da zare. Wannan ya fi wancan, wancan ya karkace, kullum rigima, har wasu masu tebur suka gaji suka daina ɗauka. Ni na rubuta wa Baturen ofishinmu cewa a riƙa tsaga sandar tun daga masana'anta, yadda za a ɓalle ta da hannu kowane gutsure daidai da ɗan'uwansa. Aka yi ta jan magana, daga baya aka gwada, kaya suka tashi. Duk ofis an san wannan. Amma in zauna a gaban manya in buɗe baki in ce ni na yi, ni na fi? Wallahi ji na yi kamar an ce in tuɓe riga a kasuwa.

Aka sake gwadawa. Na ce ai direbanmu ma ya taimaka. Aka sake. Na ce Bature ne ya yi ƙoƙari da ya karɓi shawarar. Washegari ma haka, da wanshekare. Ni da nake yini ina yabon sabulu a lasifika har tsofaffi na sa mini albarka, na kasa faɗin kalma uku a kan kaina. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, kuma ni mai saurin fushi ne. Na ce wa Kawu wannan tambaya rashin kunya ce, mutumin kirki ba ya yabon kansa, sai dai a yabe shi. Ya ce, "Gaskiyarka. To wa zai shiga ɗakin ya yabe ka? Ni? Ko mai unguwa za mu aika da goro, kamar neman aure? Ɗana, na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun zauna a gabana sun sunkuyar da kai, an ba wanda bai kai su ba, don shi ya ɗaga nasa. Ina ji ina gani, ba yadda zan yi."

A karon farko na ga kujerar nan tana suɓuce mini, kuma ba don ban san aikin ba.

Ana gobe intabiyu muka yi gwajin ƙarshe, na sake faɗuwa a wuri guda. Kawu ya cire hula ya share gumi, sannan ya juya wajen madafa ya ɗaga murya, rabi wasa rabi gaske. Ya ce, "Yaya, ke kika jawo mana wannan. Yaro tun da aka haife shi bai taɓa jin an ce masa sannu da ƙoƙari a gidan nan ba, a ina zai koyi faɗa?"

Ba a taɓa yi wa Inna irin wannan maganar a kaina ba. Muka ji muciya ta tsaya a cikin tukunya. Can ta ce, "Ni ina ruwana da sha'aninku na 'yan boko. In kun gama ku mayar da tebur, kaji za su shiga." Muciya ta ci gaba. Kawu ya tafi yana girgiza kai, a zaure ya dafa kafaɗata ya ce in yi addu'a kawai.

Da safe bayan na dawo daga masallaci na shiga ɗaki ina shiri. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Tagar ɗakina tana kallon tsakar gida, kuma a ƙarƙashinta Inna ba ta taɓa zama ba, wurin wankinta yana can bakin rijiya. Ran nan sai na ji an dire bahon wanki daidai gindin tagar. Na ji ta kira ƙanwata ta ce ta zo ta taya ta. Ƙanwata ta ce, "Inna, wanki da sassafe haka, ga makaranta zan tafi?" Ta ce, "Zauna, magana zan ba ki ki kai wa kawunki."

Na tsaya da hula a hannu.

Ta ce, "Jiya ya ce wai ba a yabon mutane a gidan nan. Ki ce masa ba a yabo, amma ana gani. Akwai wani mutum, ranar da mahaifinku ya rasu yana ɗan makaranta, kowa na kuka, shi ya tashi ya je ya ɗebo ruwa ya cika randuna don ya ga baƙi za su zo. Ba wanda ya sa shi. Haka yake, kafin a ce abu ya ɓaci shi ya riga ya hango."

Na ji tana cuɗa wanki, muryarta ba ta canza ba, kamar mai lissafin cefane.

"Maganar sabulun nan kuma, a gabana aka yi ta. Ina zaune ina yanka sanda da zare, ya zo ya tsaya can bakin rijiya, wai alwala yake, alwalar da ba ta ƙarewa. Kallon hannuna yake. Ya bi gidajen layin nan yana tambayar mata ta bakin mazajensu, wa ke sayen sanda, wa ke sayen gutsure. Ya samo sanda ya shiga ɗaki yana tsagawa da bayan cokali yana ɓallewa, ya ɓata mini cokali biyu. Ba direba a wurin, ba Bature. Yau duk matar da ta ɓalle sabulu da hannunta a garin nan, aikinsa ta taɓa, ko ta sani ko ba ta sani ba."

Ni kuwa na zauna a bakin gado. Ashe duk shekarun nan da take kallon ƙasa in na wuce, babu abin da ya wuce ta.

Ta ce, "Ki ce wa kawun naki, in mutum ya ƙara a kan abin da ya yi, wannan shi ne fankama. In kuwa an tambaye shi abin da ya faru ya faɗa yadda ya faru, shaida ya bayar, kuma ɓoye shaida ba kyau. In mutanen Legas ɗin sun ce wa ya gani, a ce musu wata tsohuwa a Tudun Wada ta gani da idonta. Tashi ki tafi makaranta, kin makara."

Na daɗe kafin in iya fitowa, sai da na wanke fuska. Da na fito ta riga ta janye bahon ta koma bakin rijiya, ta ba ni baya. Na durƙusa daga nesa na ce wa ƙanwata na tafi. Inna ta ce wa bahon wanki, "Allah ya ba da sa'a."

A hanya ji nake kamar in yi ta gudu. Na ƙi hawa mota, na taka da ƙafa har cikin gari ina tsallake kwatami, ina gaishe da wanda na sani da wanda ban sani ba. A barandar ofis na tarar da masu kwat a jere, kowa da jakarsa a cinya. Da jiya ne na gan su, da na tsorata. Yau sai na yi musu sallama na zauna, har na tambayi na kusa da ni ko ya karya.

Su uku ne a ɗakin kamar yadda Kawu ya tsara mana a gida: wani Bature mai furfura daga Legas, wani Bayarabe mai kula da ma'aikata, da wani dattijo Bahaushe da ke cikin masu hannun jari. Da na ga kujera ta uku na tuna da zakara, da ƙyar na danne dariya. Ban tuɓe takalmi ba. Na ba da hannu ɗaya. Suka yi tambayar kasuwa, na amsa, suka yi ta farashi, na amsa, har muka ɗan yi gardama da Bayaraben a kan launin takarda, na ce masa kore ba ya tafiya a kan sabulu a nan sai shuɗi, ya rubuta. Sannan Baturen ya ajiye alƙalami ya ce, akwai waɗanda suka fi ni karatu a waje, don me za su ɗauke ni?

Na ji wuyana yana son sunkuyawa, tsohon hali. Sai na ji ƙarar bahon nan a gindin taga. Na ɗaga kai na dube shi na ce, sandar sabulun da ke kan teburinsu, ni na sa aka tsaga ta. Na faɗi yadda na gani, da gidajen da na bi, da yadda na gwada da bayan cokali, da yadda aka ƙi da farko na sake rubutawa. Na ce ina hango matsala kafin ta iso, kuma haka nake tun ina yaro. Ban ƙara ko ƙwaya a kan abin da ya faru ba, ban kuma rage ba.

Dattijon nan ya dube ni ya ce da Hausa, "Samari, wa ya koya maka magana haka?" Na kasa gane yabo ne ko faɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, shaida aka ce in bayar." Ya yi murmushi ya ce, "To, ka bayar."

Sai bayan makonni aka kira ni sama aka ce kujerar tawa ce. An yi murna ba kaɗan ba. Kawu ya zagaye sakatariya yana faɗa wa kowa shi ya horar da ni, mai wankin hula ya ce shi tun farko ya gani a mafarki. Na yi shekaru a aikin, na ga daɗi na ga wuya, daga baya ni ma na zauna a bayan tebur ina yi wa yara tambayoyi. Duk wanda na ga kansa ya sunkuya a kan tambayar nan, ba na saurin wucewa, sai in ce masa ya ba ni labarin abin da ya faru kawai.

Amma abin da na fi tunawa shi ne yammacin ranar intabiyun kanta, lokacin da ba wanda ya san ko za a ɗauke ni. Na dawo gida a gajiye, na tsaya a tsakar gida na zayyana wa ƙanwata komai da ƙarfi, tun daga shigata har fitata. Inna tana madafa. Na lura gidan ya yi shiru, ga teburin nan da kujeru a ƙarƙashin rumfa, ba kowa a kai. Na shiga ɗaki na tarar da kwano a rufe, na buɗe, sai ga tuwon shinkafa da miya, cinyoyi biyu manya-manya a sama.

Ƙanwata ta leƙo ta raɗa mini cewa ko ƙofar zaure ban gama fita ba da safe Inna ta aika aka kira maƙwabcinmu ya yanka jan zakaran nan. Na fito da kwanon a hannu, na tsaya, na rasa wa zan faɗa wa me. Na ce wa ƙanwata, da murya ta yadda za ta kai madafa, "Ai ba a ce an ɗauke ni ba tukuna."

Inna tana kwashe tuwo, ta ba mu baya. Ta ja gefen mayafinta ta goge ido, wai hayaƙi.

Ta ce, "Ki ce masa ba don shi ba ne. Zakaran ne ya dame ni da cara."